Zauren Tambaya: Iko, Danniya da 'Yanci a Ƙagaggun Labaran Ingilishi na Zamananci

Wasiƙun wannan fitowa duk sun karkata ga marubutan Ingilishi na tsakanin ƙarshen shekarun 1890 zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda manazarta ke kira 'yan mazhabar zamananci. Mun taƙaita tambayoyin, mun bar amsoshin su yi tsawon da suke buƙata.

Wata ɗaliba: Assalamu alaikum. An ba mu Mrs Dalloway na Virginia Woolf, malaminmu ya ce jigonsa iko da danniya ne. Na karanta shi kaf, ban ga sarki ba, ban ga kurkuku ba. Mace ce ta fita sayen furanni tana shirin liyafa. Ina ikon yake?

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin yi gaskiya, babu bulala a littafin. Inda marubutan wannan zamani suka bambanta da na gabansu ke nan: sun lura cewa a Landan ta farkon ƙarni na 20, abin da ke juya mutum ya shige cikin agogo, da ɗakin likita, da kalmomin da ake magana da su. Sake buɗe littafin, ki bi wurare uku.

Fara da agogo. Littafin ya fito a 1925, labarinsa na yini ɗaya ne a watan Yuni na 1923, kuma ba shi da babi-babi. Bugun Big Ben, agogon da ke jikin ginin majalisar dokoki, shi ke yanka labarin. Duk lokacin da wani ya nutse cikin tunanin abin da ya wuce shekara talatin, sai bugun ya fizgo shi ya dawo da shi kan sa'ar da hukuma ta yarda da ita. Sunan da Woolf ta fara ba littafin ma yana nufin "Sa'o'i".

Sai motar da ta tsaya a titin Bond, tagoginta a rufe da labule. Ba wanda ya ga fuskar na ciki. Wasu na cewa sarauniya ce, wasu firaminista, wasu yarima. Duk da haka maza suka miƙe ƙyam, titi ya yi tsit. Jim kaɗan jirgin sama ya zo yana rubuta tallar alewa da hayaƙi, sai jama'ar da ke jira a ƙofar fada suka ɗaga kai sama, suka manta da motar. A shafuka kaɗan Woolf ta nuna miki yadda ake jan hankalin taro, da kwarjinin sarauta da kuma talla.

Wuri na uku shi ne zuciyar littafin. Septimus Warren Smith akawu ne da ya sa kai ya tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya, abokinsa Evans ya mutu dab da a ajiye makamai, ya dawo yana gane-gane da jiye-jiye. Likita na farko, Holmes, cewa ya yi lafiyarsa ƙalau, ya nemi abin sha'awa kamar wasa ya ɗebe kewa. Na biyu, Sir William Bradshaw, babban likita ne a titin Harley. Da ƙarfe 12 aka ba su lokaci, minti 45 yake ba kowane majinyaci, kuma cikin minti biyu ko uku ya gane ciwon. Bai yi tsawa ba. Cikin ladabi ya gaya wa matar Septimus, Lucrezia, cewa za a kai mijinta wani gida a karkara, a raba su, tunda ya taɓa ambaton kashe kansa magana ta zama ta doka. Maganin Bradshaw shi ne kwanciya wata shida, ba aboki, ba littafi, ba saƙo, har wanda ya shiga da nauyin kilo 47 ya fito da kilo 76. Sunan da ya ba wannan duka shi ne daidaito. A nan muryar mai ba da labari ta fusata a fili, abin da ba kasafai take yi ba, ta ce daidaito yana da 'yar'uwa mai suna juyar da mutane, wadda abincinta shi ne nufin raunana. Matar Bradshaw kanta shekara 15 ke nan da ta miƙa wuya.

Da Holmes ya hauro bene da yamma, Septimus ya faɗa ta taga ya mutu. Da dare Bradshaw na wurin liyafar Clarissa, wato Mrs Dalloway, yana zantawa da mijinta, ɗan majalisa, a kan wani ƙudurin doka. Likita, majalisa da firaminista duk sun halarci liyafa ɗaya. Wannan liyafar ita ce amsar tambayarki.

Ki riƙe tarihin da ke bayan labarin. A 1922 kwamitin ma'aikatar yaƙi ta Birtaniya ya fitar da rahoto kan firgicin da sojoji ke dawowa da shi daga fagen daga. A yaƙin kansa an harbe sojoji 306 bisa laifuffuka irin su gudu da ragwanci, ba a yafe musu ba sai 2006.

Wani mai rubuta kundin digiri: Malam, ina son in yi nazari kan wannan jigo. Ta ina zan fara, kuma me ya sa mai duba aikina yake ta dawo mini da shi yana cewa "taƙaita labari kawai kake yi"?

Ɗan'uwa, yawanci abin da ke jawo wannan shi ne ɗaukar littafi sukutum. Rage yawan abin da ka ɗauka. Zaɓi littattafai biyu, in ya yi yawa uku, daga kowanne ka ware wurare uku da ba su wuce shafi biyu ba. A kansu za ka zauna.

Ga yadda ake yi, da misali daga Women in Love na D. H. Lawrence, 1920. Akwai inda Gerald Crich, ɗan mai ramukan kwal, yake kan wata goɗiya a mahadar titi da layin dogo. Jirgin kwal na wucewa da ƙara, goɗiyar ta firgita tana son ja da baya, shi kuwa ya matse ta, ya danna mata ƙaimi har jini ya fito a kwiɓinta, ya tilasta ta fuskanci jirgin. 'Yan'uwa mata biyu na kallo. Ursula tana ihu ya sake ta, Gudrun kuwa abin ya tafi da hankalinta.

Abu na farko, ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, ka rubuta a gefe wa ya aikata, a kan wa. Za ka ga kusan duk aikin tilas daga Gerald yake fitowa, na goɗiyar kuwa duk martani ne. Na biyu, tambayi kanka da idon wa kake kallon abin a kowace jimla. Nan ne ɗalibai suka fi zamewa, domin waɗannan marubuta suna narkar da muryar mai ba da labari cikin tunanin tauraro ba tare da alamar zance ba. Jimlar da ke yabon ƙarfin Gerald tana iya zama ta Gudrun ce. In ka jingina ta ga Lawrence, ka ɓata hujjarka tun daga tushe. Na uku, nemi inda wannan siffa ta sake ɓullowa a sikeli babba. A babin da ke bayanin yadda Gerald ya karɓi ramukan daga mahaifinsa, ya sallami tsofaffin manajoji, ya kawo injiniyoyi da wutar lantarki da injunan yanka kwal, har kwal ɗin da ake ba zawarawa kyauta ya sa a riƙa biya. Abin da ya fi damun Lawrence shi ne leburorin sun sallama, har suna jin wata gamsuwa da zama ƙusa a cikin babban inji. Goɗiya da leburori magana ɗaya ce, kuma ga shi ka samu hujja daga cikin matani.

Sai bayan wannan za ka ɗauko ra'i. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da Michel Foucault da littafinsa na 1975 kan horo da kurkuku, a cika shafi goma da gidan yarin da Jeremy Bentham ya zana mai hasumiyar tsaro a tsakiya, sannan a je ana neman hasumiya a kowane labari. Ra'in yana da amfani ga Bradshaw, amma an rubuta shi shekara 50 bayan Mrs Dalloway. Kada ka rubuta kamar Woolf ta karanta shi. Kuskure na biyu shi ne barin dokokin lokacin a waje. Dokar Kare Masarauta ta Agustan 1914 ta ba gwamnati ikon tace jaridu da korar mutum daga yanki, dokar 1916 kuma ta kawo shiga soja dole. In ba ka san waɗannan ba, rabin tsoron da ke cikin littattafan ba za ka ji shi ba.

Wani malamin sakandare: Shin Nineteen Eighty-Four da Brave New World suna cikin wannan mazhaba? Su ne na ga sun fi fito da maganar danniya ƙarara.

Malam, a bakin iyaka suke. Na Aldous Huxley ya fito a 1932, na George Orwell a watan Yuni na 1949, lokacin da guguwar zamananci ta riga ta lafa. Salon Orwell miƙaƙƙe ne, da gangan ya guje wa kwararar tunani da karya tsarin lokaci. Manazarta da yawa ba sa lissafa shi a cikinsu. Amma tambayar da suka gada ɗaya ce, kuma suna da daɗin koyarwa in aka jera su. A wurin Huxley ana sarrafa mutum tun yana cikin kwalba: ƙwai ɗaya ana iya tsaga shi ya ba da tagwaye har 96, an kasa jama'a aji biyar, ana koya wa jarirai na ƙananan azuzuwa ƙin littafi da fure ta hanyar ƙara da jan lantarki, manya kuma ana ba su ƙwayar soma su manta damuwa. A wurin Orwell tsoro ne: allon da ke kallonka a ɗakinka, harshen da ake rage wa kalmomi kowace shekara don tunanin tawaye ya rasa abin hawa, da ɗakin azabtarwa mai lamba 101. A Oktoban 1949 Huxley ya rubuta wa Orwell wasiƙa yana cewa yana ganin masu mulkin gaba za su fi karkata ga hanyar da shi ya siffanta, domin ta fi sauƙin kashin kuɗi da wahala.

In kana son 'yan sanda da 'yan leƙen asiri daga cikin mazhabar kanta, nemi The Secret Agent na Joseph Conrad, 1907. An gina shi a kan fashewar bam da ta auku kusa da ɗakin binciken taurari na Greenwich a Fabrairun 1894. A labarin, jami'in wani ofishin jakadanci ne ya kitsa harin don Ingila ta tsorata ta tsaurara dokokinta.

Wata mai karatu: Na ji an ce gwamnati ta hana wasu daga cikin littattafan nan. Da gaske ne, kuma yaya ake hanawar?

Da gaske ne, Malama. Dokar hana wallafa batsa ta 1857 ta ba ƙaramin alƙali ikon sa a ƙwace littafi a lalata shi. Wata shari'a ta 1868 ta kafa ma'aunin: in wani sashe na iya gurɓata wanda ya karanta, ya isa, ko da sauran littafin yana da daraja. Darajar adabi ba ta zama kariya ba sai da aka sauya dokar a 1959.

A Nuwamban 1915 kotun Bow Street ta sa aka lalata sama da kwafi 1,000 na The Rainbow na Lawrence. Kamfanin Methuen da ya buga shi bai kare shi ba, haƙuri ya bayar, marubucin kuma ba a kira shi ya yi magana ba. Ana tsakiyar yaƙi ne, tauraruwar littafin tana raina aikin soja a fili, matar Lawrence kuma Bajamushiya ce. A Oktoban 1917 aka ba su kwana uku su bar Cornwall, bisa zargin leƙen asiri.

James Joyce, ɗan ƙasar Ailan, ya miƙa Dubliners ga mawallafi a 1905, bai fito ba sai 1914. Dalili ɗaya shi ne doka tana kama har mai injin ɗab'i, don haka leburan maɗaba'a ma yana iya cewa ba zai jera wata kalma ba. Ulysses kuwa a Paris aka buga shi, ranar 2 ga Fabrairun 1922. Amurka ba ta sake shi ba sai da alƙali John Woolsey ya yanke hukunci a Disamban 1933, bugun Ingila kuma sai 1936. Lady Chatterley's Lover na Lawrence ya fito a Italiya a 1928, cikakkensa bai samu shiga kasuwar Birtaniya ba sai bayan da kamfanin Penguin ya ci shari'a a 1960.

Shi ya sa muke ganin ƙaramin injin hannu da Virginia da Leonard Woolf suka saya a 1917, suka kafa maɗaba'ar Hogarth a gidansu, yana da muhimmanci a wannan tarihi. Wanda ke buga littafinsa da kansa ba ya jiran yardar edita.

Wani mai karatu: Conrad da E. M. Forster sun yi rubutu kan mulkin mallaka. Suna tare da waɗanda aka mallaka ne, ko da masu mallakar?

Ɗan'uwa, sun ga muguntar abin da idonsu, sun kuma faɗa, amma daga cikin gidan masu mulki suke magana. Dole mai karatu ya riƙe duka biyun.

Conrad ya yi aiki a kogin Kongo a 1890, lokacin da ƙasar take mallakin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam shi kaɗai. A Heart of Darkness, wanda aka fara bugawa a mujalla a 1899, akwai mutum shida ɗaure da sarƙa a wuya, ana kiransu masu laifi bisa dokar da ba su san da ita ba. Taku kaɗan daga inda leburori ke mutuwa a inuwar itatuwa, ga babban akawun kamfani cikin farar kwala mai sitaci, yana ƙorafin cewa nishin majinyaci na sa shi kuskuren lissafi. Conrad ya gane cewa littafin lissafi ma makami ne. Amma 'yan Afirka a labarin ba su da suna, kusan ba su da magana, an mai da su bango da ake haska ruɗewar Bature a kai. Abin da Chinua Achebe ya tsaya a kai ke nan a laccarsa ta 1975 a Jami'ar Massachusetts, kuma a ganinmu wanda ya nazarci littafin bai amsa wannan suka ba, aikinsa da saura.

Forster ya fi ba Indiyawa baki. A Passage to India ya fito a 1924, shekara biyar bayan kisan da sojojin mulkin mallaka suka yi wa Indiyawa a birnin Amritsar. Dubi wani ɗan ƙaramin abu a ciki. Fielding, shugaban kwaleji, ya taka maɓallin kwalarsa ya lalace. Dakta Aziz ya faki ido ya cire nasa ya ba shi, ya ce ragowa ce yake da ita. Daga baya Ronny, alƙalin gari, ya ga kwalar Aziz ta ɗage a wuya, sai ya kafa hujja da ita cewa ga halin Ba'indiye nan, sakaci da ƙananan abubuwa. Alherin mutum ya zama shaida a kansa, kuma mai karatu kaɗai ya san gaskiya. Kafin a kai ga zargin da Adela, wata Baturiya, ta yi wa Aziz bayan ziyarar kogunan Marabar, an riga an nuna mana yadda ake yanke hukunci a kulob ɗin Turawa, inda Ba'indiye ba ya shiga ko a matsayin baƙo. Adela ta janye zargin a gaban kotu, aka saki Aziz, amma abotarsa da Fielding ba ta warke ba. A shafin ƙarshe suna kan dawaki, Aziz ya ce sai Turawa sun tafi za su zama abokai, dawakan kuma suka rabu, kowa ya bi gefen dutse.

Wata mai karatu: To a duk waɗannan littattafai, akwai wanda ya samu 'yanci kuwa?

Kaɗan ne, 'yar'uwa, kuma marubutan suna yawan gaya mana nawa aka biya. A Howards End na Forster, 1910, Margaret Schlegel ta faɗa da bakinta cewa tana tsaye ne a kan fam 600 a shekara, kuma tunaninta ma tunanin mai fam 600 ne. Leonard Bast, akawun da ke karatu da dare don ya ɗaukaka kansa, shawara ɗaya ta attajiri ta sa ya bar aikinsa, daga nan bai sake miƙewa ba. Woolf a A Room of One's Own, 1929, ta yanka farashin mace mai son rubutu: fam 500 a shekara da ɗaki mai makulli. Shekara ɗaya ke nan da matan Birtaniya suka samu ƙuri'a daidai da maza a 1928, amma ta ce in za ta zaɓa tsakanin ƙuri'ar da kuɗin, kuɗin ya fi mata muhimmanci.

Stephen Dedalus, a littafin Joyce na 1916, A Portrait of the Artist as a Young Man, ya ce ƙasarsa tana jefa wa rai taru uku, na ƙasa da na harshe da na addini, kuma zai tsallake su da shiru da gudun hijira da dabara. Ya tafi Paris. A farkon Ulysses sai ga shi ya dawo Dublin, bashi ya yi masa katutu, mutuwar mahaifiyarsa na cin sa a rai. Eveline ta cikin Dubliners ta kai har tashar jirgin ruwa, saurayinta na kiranta, ta ƙanƙame ƙarfen shinge ta kasa ɗaga ƙafa, alhali ba wanda ya riƙe ta sai alkawarin da ta yi wa mahaifiyarta.

Wadda ta fi taɓa zuciya ita ce Winnie Verloc a The Secret Agent. Ta auri Verloc ne don ƙaninta Stevie, mai raunin hankali, ya samu wurin zama. Ita ta ɗinka adireshin gidansu a cikin kwat ɗinsa don kada ya ɓata. Mijinta ya ba yaron bam ya ɗauka, yaron ya yi tuntuɓe bam ɗin ya tashi da shi, kuma wannan ƙyallen adireshin ne ya kawo ɗan sanda ƙofarta. Da ta ji abin da ya faru, Conrad ya ce ta ji ta zama 'yantacciya, domin yarjejeniyar da ta ɗaure ta ta ƙare. Ta hau sama ta sa kayan fita, ta sauko, amma ba ta san inda za ta ba. Kuɗin gidan ma, da ta damƙa su ga mutumin da ya yi alkawarin tsallakar da ita zuwa Faransa, sai ya dira daga jirgin ƙasa yana barin tasha, ya bar ta ita kaɗai a ciki.